An Amince da Tiyatar Dima

"Kamfanin inshora ya amince da tiyatarki, Malama Dima. Muna taya ki murna!"

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa kan gadon yayarta, Rasha.

Gadon da ba wanda ya sake kwanciya a kai tun ranar da yayarta ta fita tana dariya, ta ce za ta dawo siririya. Inshora ta ƙi biya wa Rasha kuɗin tiyata, sai ta je wani asibitin araha a garin Zarƙa aka rage mata tumbi. A likkafani ta dawo gida.

Har yau Dima na jin takunta mai nauyi a kan matakala.

"Wace tiyata?"

Mama ce tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk kullun burodi.

"Mama... ta rage tumbi ce. Likita ya ce sugan ya fara taɓa idona, ga hawan jini..."

"Na binne ɗaya! Wallahi ba zan binne ta biyu ba!"

Kafin la'asar Suzan, 'yar ƙanwar Mama, ta iso. Ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Mu'ayyad, saurayin Dima.

"Inna, ai shi ya matsa mata," ta faɗa tana kurɓar shayi. "Ya ce ba zai zauna kusa da buhun shinkafa ranar biki ba."

"Ƙarya kike, Suzan!"

Amma Mama ta riga ta rantse ba zai sake taka gidan ba.

Washegari Mu'ayyad ya zo. Bai wuce bakin ƙofa ba, idanunsa jajir.

"Umma, ki zage ni, amma ki saurare ni. Ni na yi ta zarya kamfanin nan da sakamakon gwaje-gwajenta, suna kora ta ina komawa."

"Kuma kana da bakin faɗa?"

"Ki tambaye ta ina awarwaronta na zinare."

 Dima ta ja hannun rigarta ta rufe wuyan hannunta.

"Da kamfanin ya ƙi ta karon farko ta sayar da su," ya ce. "Har an sa mata rana a irin asibitin da ya ci Rasha. A bakin titi na tare ta na roƙe ta. Umma, ni a haka na gan ta, a haka nake son ta. Tsoron wuƙar nan ya hana ni cin abinci. Amma in dole ne, gara a babban asibiti, a hannun ƙwararru."

Mama ta juyo a hankali.

"Dima... da haka za ki tafi? Ba sallama, kamar ita?"

"Na gaji, Mama! Kullum na duba madubi ita nake gani. In na zauna ciwo ya kashe ni, in na je..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Mama ta rungume ta, suka durƙushe tare. Suzan ta ɗauki jakarta ta sulale.

Ranar tiyata, ana tura ta cikin dogon baranda, Dima ta rantse ta ga wata mai faɗin kafaɗa kamar Rasha tana tafiya gefen gadon. Ba ta ji tsoro ba. Ta lumshe ido.

Da ta farka, maƙogwaronta a bushe, fuska biyu ta gani a kanta.

"Ina raye?"

"Kina raye, habibti," Mu'ayyad ya ce, hawaye na bin gemunsa.

Mama ta dube shi.

"Ɗana, in ta warke ka turo dattawanku neman aure, su sha gahawa."

Sannan ta kifa goshi a hannun Dima, ta yi kukan da ta kasa yi ranar jana'izar Rasha.