Gabas Naku, Yamma Namu

Da la'asar sakaliya Auta ta rufe keken ɗinkinta, ta ɗauki buhu da ɗan gatarin Baba. Shekara arba'in mahaifin nata yana ba mutane magani, yau ga shi kwance ciki a kumbure, ba abin da ke sassauta masa sai jiƙon ɓawon maɗaci. Maɗacin kuwa ɗaya ya rage, can bayan tsohon gidan bulo. Sauran duk sun zama gawayi.

"Ta gabas kaɗai," in ji Baba da ƙyar. "Faɗin tafin hannu. Ki shafe wurin da laka."

Ta ce to. Amma Auta tela ce, ta saba yanka yadi har da rara, ga nisa, ciwo kuma ba ya jira. Ta sassaƙe gabas, ta zarce, ta zagayo, har gatarin ya dawo inda ya fara. Buhu ya cika dam, gindin itacen ya yi fari kamar ƙashi.

Sai tsuntsaye suka yi tsit.

Ɗaci ya cika mata hanci har maƙogwaro. A bayan itacen wani ya yi nishi, irin nishin Baba sak.

Ta leƙa.

Wata mace ce zaune, ta ɗora kan wani tsoho a cinyarta. Ƙafafunsa sun miƙe cikin ciyawa, ba a ganin ƙarshensu. Tana riƙe da ƙoƙo, ba komai a ciki.

"'Yar mai magani," ta ce cikin raɗa. "Gabas naku, yamma namu. Haka muka yi da mahaifinki."

Auta ta dubi gindin itacen.

"Itacen da aka zagaye ba ya rayuwa. Ni ma da shi nake jinyar ubana."

"Ban sani ba... ki ɗebi rabi."

"Abin da ƙarfe ya taɓa ba ya yi mana." Hawayenta na sauka, amma ba sa kaiwa ƙasa. "Je ki shayar da naki."

Auta ta kwasa a guje, nishin na biye da ita har bakin titi.

Da Baba ya ga yawan ɓawon bai yi faɗa ba. Juya fuska ya yi wajen bango ya yi kuka, wannan kuwa ya fi mata duka zafi. Kullum sai ta kai laka ta shafe itacen, amma aikin gama ya gama, ganye ya zube. Wata huɗu buhun ya ƙare. Baba bai ƙara kwana goma ba.

Ranar da aka kai shi, da magariba bayan masu gaisuwa sun watse, aka yi sallama ƙasa-ƙasa ta bayan taga. Muryar matar nan ce ta gindin maɗaci.

"Na zo yi miki gaisuwa. Nawa ya riga naki da wata uku. Ni ba wanda ya zo mini."

Auta ta buɗe tagar. Ta shimfiɗa tabarma, ta matsa gefe guda.