Fumfunar Bangon Kafinta

"Ki kankari bangon son ranki," in ji kafintan, "amma duk zuwa sai kin zauna mun yi hira."

"Minti goma."

"Ashirin."

A sha biyar suka daidaita.

Ita a ɗakin gwaji take aiki. Abin da ya kawo ta wata baƙar fumfuna ce da ta fito a bangon ɗakinsa na bayan shago, inda ruwa ke tsattsafowa. Takan reni fumfunar a kwalba, ta tace ruwan, ta zuba gishirin azurfa. In ya rine kamar shayi, to an samu ƙwayoyin azurfa, ƙanana da ido bai isa ya gani ba, masu kashe cutar gyambo. Fumfuna arba'in ta gwada, tasa kaɗai ta yi.

Kafin shekara, minti sha biyar ya zama yini.

"Azurfata," ya rubuto mata, "ni kike so ko bangona?"

"Bangon na fara gani, Kafintana. Kai ne gyara."

Ogan ɗakin gwajin ma yana cikin masu son ta. Da ta ce masa an riga shi, bai yi faɗa ba. Irinsu ba sa faɗa. Makullin firjin da kwalabenta suke ya canja, ya ce aikin ofis ne.

Ta dake. Ai tana da bango.

Sai mahaifinta ya leƙa ɗakin kafintan, ya fito yana toshe hanci.

"Ɗana, ba ni da ja da sana'arka. Amma ban yi renon 'ya don ta kwana da ruɓa ba."

Kafinta bai gaya mata ba, so yake ya burge ta. Kwana uku yana aiki: ya kankare bangon tas, ya wanke da magani, ya toshe tsaguwar, ya buga farin fenti. Sannan ya rubuta: "Zo ki ga ɗakin amarya."

Ta zo ta tsaya, ta shafa bangon. Fentin bai gama bushewa ba.

"Ko kaɗan ba ka rage ba?"

"Baba ya ce..."

"Ni fa? Ni ba ka da lambata?"

Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa. Kullum yana yayyafa wa bango ruwa kamar mai shuka ko fumfunar za ta dawo, bango ya ƙi. Ran da ta dawo ta iske shi da bokiti, sai ta ƙwace.

"Bari, kada ka ɓata fentin kuma."

Aka ɗaura aure, Baba ya sa albarka har da hawaye. Allah ya ba su zaman lafiya.

Oga ya fitar da aikin da sunansa, aka tafa masa. Baba ya samu farin bango, kafinta ya samu mata. Ita ta samu mijin da ke son ta, ta rasa aikin shekara uku, kuma har yau ba wanda ya ba ta haƙuri sai wanda ya yi don so.