Tambayoyin Dakta Radiyya

Najmuddeen na zaune a tsakar gidan mahaifiyarsa a Azare, an ajiye masa fura amma ko taɓa ta bai yi ba.

"Ƙanwarka ce fa, ciki ɗaya," in ji Hajiya Baturiya. "Sau biyu Mas'uda tana faɗuwa kwas ɗin nan, kuma matarka ce ke koyar da shi."

"Hajiya, Radiyya ba za ta yarda ba. Kin san halinta."

"Wa ya ce ka tambaye ta? Ba gida ɗaya kuke ba?"

Mas'uda ta share hawaye da gefen hijabi. "Yaya, don Allah. Tsarin shugaban ƙasa, tsarin firaminista, Najeriya, Indiya, Senegal — duk sun cakuɗe min a kai. In na sake samun kariyoba, 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni."

Dakta Radiyya malama ce a jami'a, tana koyar da kwatanta tsarin mulkin ƙasashe da hulɗar ƙasa da ƙasa. Shekararsu shida da aure. Lokacin da take digirin dakta, shi ke rufe shagonsa na kayan gyaran mota ya kai ta Kano ya zauna jiranta. Ba ta ɓoye masa komai, har lambar sirrin kwamfutarta.

Ranar Asabar da hantsi ta tafi biki Gamawa. Najmuddeen ya buɗe kwamfutar, ya ɗauki hoton tambayoyin jarrabawar, ya tura wa Mas'uda.

Mas'uda ta nuna wa ƙawarta guda ɗaya, ƙawar ta zuba a gurup ɗin aji. Kafin mako ya zagayo an soke jarrabawar, an dakatar da Radiyya, an kuma cire sunanta daga taron masana da za a yi a Dakar kan juyin mulki a yankin Sahel. Shekara guda ta yi tana rubuta maƙalar da za ta gabatar a can.

Duk da haka ta dafa wa mijinta tuwon shinkafa, ta zauna kusa da shi idonta a kumbure.

"Mu biyu kawai muka ga takardar nan, ni da Malam Bunu mai buga takardun sashenmu. Shekara ashirin yana aiki ba a taɓa kama shi da komai ba, amma kwamitin bincike na shirin sallamarsa ranar Alhamis." Ta dafa hannunsa. "Da ba ka tare da ni, ban san yadda zan yi ba."

Najmuddeen ya ture kwanon tuwon gefe. Washegari ya koma wurin Hajiya, ta ce ya ja bakinsa ya yi shiru, abin zai wuce. Sai ga shi bayan la'asar ya yi kiciɓis da Malam Bunu a ƙofar masallaci. Dattijon ya riƙe masa hannu.

"Alhaji, ka faɗa wa Dakta, wallahi ban ci amanarta ba."

Najmuddeen ya kasa ɗaga ido ya kalle shi.

Ranar Alhamis, suna hanyar makaranta don zaman kwamitin, ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Radiyya, ni ne. Ni na tura wa Mas'uda."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi kuka ba. "Kwana goma ina kuka a kafaɗarka, kana share min hawaye?"

"Ba ni da ta cewa."

"Kana da ita. Ka je ka faɗa a gaban kwamiti."

Ya je ya faɗa, bai rage komai ba. Aka wanke Malam Bunu, aka dakatar da Mas'uda shekara guda. Radiyya ta koma bakin aiki da takardar gargaɗi, amma taron Dakar ya wuce ta. Da aka yi hutu ta haɗa kayanta ta tafi gidan mahaifinta a Katagum.

Kowace Juma'a Najmuddeen sai ya je. Ya zauna a zaure da surukinsa Malam Abdulsamad, su gaisa, su yi zancen ambaliya da kifin bana, ita ko leƙowa ba ta yi. Hajiya kuma ta daina amsa gaisuwarsa, wai ya zaɓi mace ya tozarta jininsa. Bai fasa durƙusawa ya gaishe ta kullum ba.

A Juma'a ta bakwai, yana shirin tafiya Katagum, sai ya ga Hajiya ta fito da mayafinta, Mas'uda na biye.

"Buɗe min mota," ta ce. "Ni na aike ka, ni ya kamata in fara ba da haƙuri."

A ɗakin Radiyya, Hajiya ta ce, "'Yata, son 'ya'ya ne ya rufe min ido. Ki yafe mana."

Radiyya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ita, hawayen da ta riƙe suka zubo. Da ta fito zaure ta tsaya a gaban mijinta.

"Na yafe maka. Amma yarda sai a hankali."

"Zan jira," ya ce.

Da shekara ta zagayo Mas'uda ta zauna ta yi karatu, wani malamin ya duba takardarta, ta ci da guminta. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga cin amanar wanda ya aminta da kai ba; kuma wanda ya yi kuskure, gaskiya da haƙuri ne kawai za su mayar masa da gidansa.