Tukunyar Cukun Akuya a Morrisania

Sufeto Faruƙ Sadick ya kai shayin safe bakinsa ke nan wayar ofis ta yi ƙara. Daga asibiti ne. Jiya da yamma an kawo wani dattijo ɗan Nijar, Alhaji Abdou, gudawa ta tsotse shi, zuciyarsa na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yarsa ta cika ɗakin jira da ihun guba aka ba shi.

A takarda Faruƙ ɗan sandan ciki ne a wani caji ofis na Bronx, amma Hausawan unguwar sun naɗa masa Sufeto ba tare da neman izininsa ba. Shugabansa ma ya daɗe da yanke cewa duk ƙarar da aka ji "wallahi" a cikinta, teburin Faruƙ ne masaukinta. Ya ajiye shayin, ya ja tsaki, ya ɗauki kwat.

A asibitin, likitar da ke duba shi ba ta ja magana ba. Wani abu mai sa zawo ya shiga cikin dattijon da yawa, shi kuwa yana shan ƙwayar rage ruwan jiki saboda ciwon zuciya. Biyun suka haɗu, suka kusa aika shi lahira. Zai tashi, amma bai iya magana ba tukuna.

"Me ya ci?"

"An ce narkakken cuku."

Faruƙ ya lumshe ido. Ya binciki wuƙa, ya binciki bindiga, yau kuma ranar Lahadi an tashe shi a kan cuku.

Gidan yana Morrisania, can saman bene, kuma na'urar hawa ta lalace kamar yadda ya zata. Ya iso yana haki. Akwatuna ne jere a ƙofar falo. A ciki ya tarar da ɗan Alhaji, Habibou, direban tasi; da ƙanwarsa Raudatu, mai ihun asibiti; da matar Habibou, Najat, 'yar Ghana, tsaye jikin bango idanunta jawur. Uwargidan Alhaji, Hajiya Shafa'atu, tana kan darduma tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

"Ofisa, ga ta nan, arrest her!" in ji Raudatu tun bai yi sallama ba, tana nuna Najat da yatsa. "Mutum zai bar ƙasa, maimakon tuwo da miyar kuka sai ta narka cheese, ta zuba wasu ganyayyaki da ba wanda ya san sunansu. Gobe zan kira agency ɗinsu in faɗa musu wa suke turawa gidajen mutane."

"Malama, bari in zauna tukuna. Wa zai bar ƙasa?"

"Baba da Inna," in ji Habibou. "Yau da marece ya kamata su hau abiyon, jirgin sama ke nan. Baba ya bar teburin kasuwancinsa na 125th Street, ya ce ya koma Maradi ke nan, ba dawowa. Jiya da rana munka yi musu walimar bankwana."

Faruƙ ya kira Najat kicin. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma ya sani, ita ma ta sani, ranar da sunanta ya hau takardar tuhumar ba wa dattijo guba, lasisinta ya tafi, ba kuma wanda zai sake buɗe mata ƙofa.

"Mene ne wannan abincin?"

"Fondu, Sufeto. Wata tsohuwa da nike dubawa a St. George ta koya mini, 'yar Switzerland. Ana goga tafarnuwa cikin tukunya. Su giya suke sawa, ni ruwan tuffa da lemun tsami na sa. Wuta kaɗan-kaɗan. Sai cukun akuya mai laushi, da wani mai tauri da na goge, da ɗan garin sitaci don kada ya tsinke. Ana juyawa, ba a tsayawa. A ƙarshe sai ganye."

"Wane ganye?"

Ta nuna masa katakon yanka. Ga ragowar ɗoɗɗoya, ga faski, ga 'yan sandunan tayim, duk ɗanyu, duk da wuƙa aka yanka su.

"Me ya sa ba ki yi tuwon ba, kowa ya huta, har da ni?"

"Baba yana yawan kewar cukun gida. Na ce bari in yi masa abin da zai tuna da ni. Na yi ƙoƙari paa, Sufeto."

"Kowa ya ci?"

"Kowa."

"Tukunya ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Haka ake cin fondu."

Wannan ba amsa ba ce, kuma Faruƙ ya tsani irinta.

Teburin cin abinci yana nan yadda aka bar shi lokacin da Alhaji ya fara murɗa. Tukunyar tana kan ɗan murhunta, cukun ya daskare, warinsa kamar an kwana da bunsuru a falon. Ga gutsattsarin burodi da dankali, ga dogayen cokula masu yatsu da ake soka burodin a tsoma. Kowanne ya yi dumu-dumu da cuku, ban da guda ɗaya da ke kwance tas a gaban babbar kujera.

"Habibou, a ina mahaifinka ya ci?"

"Nan, tare da mu. Tukunya guda munka ci, wallahi."

"To ku me ya hana ku gudawa?"

"Ai shi tsoho ne," in ji Raudatu.

Faruƙ ya ɗaga cokalin mai tsabta ya juya shi. "Habibou, ni ma a Kano aka yanke mini cibiya. Kana so in yarda dattijon Maradi, mai furfura har gemu, ya zauna yana tsoma burodi tukunya ɗaya da matar ɗansa? Ko a mafarki?"

Habibou ya shiga duba wayarsa kamar an yi masa kiran fasinja.

Faruƙ ya koma kicin. Wurin wanke-wanke cike yake da kwanuka, ba wanda ya taɓa su tun jiya. Amma a kan abin tsane kwanuka an kife abu biyu, wankakku tas: kwanon tasa mai murfi irin na maigida, da ɗan ƙaramin turmin dakan yaji. Gidan da ake fita da mutum a motar asibiti, wa ke da natsuwar zaɓar abu biyu ya wanke?

Ya kanga turmin a haske. A cikin wata tsaga akwai ragowar gari, kore mai duhu-duhu. Ya lakato da farce ya shinshina, nan take cikinsa ya tuna kafin kansa. Kakarsa ta sha ɗura musu shi suna yara. Filasko ne, kuma duk wanda ya sha ya san hanyar bayan gida. A cikin cukun akuya mai wannan wari, ga wanda bai taɓa ɗanɗana abincin ba, ɗacinsa ba zai fito ba.

Ya sa turmin a leda, ya sake kiran Najat.

"An zuba wa Alhaji nasa daban. Wa ya zuba?"

"Ni. Ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Na ɗiba a kwanonsa tun yana zafi, na sa burodi a gefe, na rufe."

"Kin daka wani abu a turmin nan?"

"A'a."

"Wa ya kai masa kwanon ɗaki?"

Ta kau da kai.

"Najat, wa ya kai?"

"Ni na zuba, Sufeto."

"Ban tambaye ki wa ya zuba ba! Ke kika dafa, ke kika zuba, ga 'yar gida tana nuna ki da yatsa. In kika yi shiru, ke zan rubuta. Kin san abin da zai sami aikinki?"

Hawaye suka zubo mata, amma bakin nan ya ƙi buɗuwa. Faruƙ ya dafe goshi. Da ɓarawo ne da ya san yadda zai yi da shi. Mai kunya kuwa, ba dokar New York da ta san maganinta.

Ya fito ƙofar falo don ya sha iska, ya sa ƙafa zai ture akwatunan da suka tare hanya. Na farko, mai sunan Alhaji, ko motsi bai yi ba. Na biyu, mai sunan Hajiya, sai ya sulale ya bugi bango da ƙarar holoƙo. Ya durƙusa ya zuge shi. Zani ɗaya ne a ciki da tsohuwar jarida.

Ya daɗe yana kallon akwatin: wadda ta haɗa shi ba ta da niyyar tafiya. Sannan ya koma falo, ya ciro ankwa daga ƙugunsa ya bar ta tana lilo inda kowa zai gani.

"Najat, miƙo hannunki. Na gaji."

Raudatu ta yi ajiyar zuciya. Habibou ya miƙe, ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya koma ya zauna. Najat kuwa ta miƙo hannayen biyu.

"Ɗan nan, mayar da ƙarhen nan."

Hajiya ce. Carbin ya tsaya.

"Yarinyar ga ba ta yi komi ba. Ni na amshi kwanon daga hannunta. Ni na daka hilasko, ni na barbaɗa, ni na wanke."

"Inna!" in ji Raudatu.

"Rufe mini baki. Tun jiya kike haushi."

Faruƙ ya jawo kujera kusa da darduma. "Hajiya, me ya sa?"

"Don kada ya hau abiyon." Ta dubi ƙasa. "Likitansa yana nan, maganinsa yana nan. Wansa ya koma gida da irin ciwon ga, damina guda bai gani ba. Alhaji ya ce shi a Maradi yake so a bizne shi. Wannan ba tahiya ba ce, ɗan nan, rakiyar gawa ce, kuma ni ya zaɓa in raka shi. Tun ina yarinya ban taɓa ce masa a'a ba, ban san yadda ake hwaɗinta ba. Na ce in cikinsa ya ɓaci kwana guda, abiyon ya tashi, sai a sake shawara. Ban san zai taɓa zuciya ba. Wallahi ban sani ba."

"Kuma kina ji ana cewa a kama surukarki."

"Ina ji. Tsoro ya riƙe mini harshe." Ta juya ga Najat. "Ke kuma kin gan ni da turmin, kin yi shiru."

"Mma, da wane baki zan faɗa?" in ji Najat, tana kuka.

Faruƙ ya mayar da ankwar ƙugunsa. Haushi yake ji, na dukkansu, har da Alhajin da ke kwance. Magana ɗaya da mace za ta faɗa wa mijinta a ɗaki, an bi da ita ta cikin cuku, ta asibiti, ta ofishin 'yan sanda.

"Hajiya, dole ki biyo ni. Likita ta riga ta kai rahoto, ba ni da ikon rufewa. Habibou, nemo lauya. Raudatu, in na ji kin kira wurin aikin baiwar Allahn nan, da ni za ki yi."

Najat ce ta ɗauko mata mayafi, ta durƙusa ta sa mata takalmi. Hajiya ta riƙe hannunta gam, ba ta sake shi ba har bakin matakala.

Suna sauka a hankali, sai ta ce, "Yanzu mi za a yi mini?"

"Alƙali zai gani. Wataƙila a ba da belinki, amma a riƙe fasfonki. Ba fita ƙasar nan sai an gama shari'a."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙarfen bene. "Alhaji ba ya tahiya ba ni. Shari'ar tana daɗewa?"

"A garin nan? Tana iya cin shekara."

Hajiya ta gyara mayafinta. "Alhamdulillahi," ta ce, ta ci gaba da sauka, har tana riga shi.