Takardar Bogi a Ɗakin Alƙalan Merrigal

Ranar Litinin da safe Glenys Pavlich, shugabar alƙalan ƙwallo na garin Merrigal, irin ƙwallon da ake ɗauka a hannu, ta tarar takardar da ke allon ɗakin alƙalai ba wadda ta liƙa ba ce.

Tata daga hukumar gasa ta zo: duk ɗan wasan da ya samu damar sakin ƙwallo bai saki ba har aka cafke shi, a busa masa usur nan take. Wannan kuwa cewa take an ɗage waccan sabuwar fassarar dokar sai baɗi. Da wannan takardar bogin Tevita Fonua, alƙalin da bana ya fara, ya yi aiki ranar Asabar. 'Yan kallo suka yi masa ihu, hukuma kuma ta kira shi Laraba don ta dakatar da shi.

"Anti, abin da na karanta na bi," in ji Tevita a waya.

"Na yarda. Ka je aikinka, ka bar mini."

Ban da ita, mutum uku ke da makullin ɗakin. Ta fara da Craig Dunstan, kocin Merrigal, don 'yan wasansa masu nauyin jiki su suka ci moriyar jinkirin usur.

"Ina kake daga Alhamis zuwa Asabar?"

"Bendigo, matata ta haihu. Ana gab da tashi daga wasan Asabar na iso fili. Ga hotuna, in kina son ganin mai kama da ni."

"Allah Ya sa da uwarta take kama."

Merle mai kantin abincin fili tana yanka albasa ta ba ta amsa. "Makullina ya karye a ƙofa tun watan jiya. Ke da kanki kika ce za ki yanko mini wani."

Glenys ta tuna, ta ba ta haƙuri. Ta zauna cikin mota ta sake duba takardar. Sai idonta ya sauka kan adireshin da ke samanta.

Ta samu Barrie Nuske, mai kula da fili, yana shafa farin layi. Shekara talatin ya yi yana alƙalanci, shi ya koya mata riƙe usur.

"Baba, yaushe ofishin hukuma ya bar Titin Tasha?"

"Shekara shida ke nan."

"Wannan takardar ta makon jiya ce, amma Titin Tasha ke kanta. Wanda ya buga ta, kan tsohuwar wasiƙa ya kwafa. Craig bai kai shekara biyu a garin nan ba, Merle ba a taɓa aiko mata wasiƙar hukuma ba. Kai kuwa ko ɗaya ba ka taɓa yarwa ba."

Barrie ya ajiye bokitin fenti. "Mutum ya yi ta maza ya ɗauko ƙwallo cikin turmutsutsu, sai shi za a hukunta? Na so su ga wasa ɗaya yadda ya kamata a yi shi."

"Sun gani. Tevita kuma zai rasa usurinsa."

Dattijon ya dube ta. "Ƙarfe nawa ne zaman Laraba?"

Shi ya fara isa, sanye da kwat. Ya faɗi komai, ya miƙa makullinsa. Aka wanke Tevita.

A bakin ƙofa Tevita ya riƙe hannun Glenys da hannu biyu. "Anti, na riga na gaya wa mahaifiyata na bar alƙalanci. Ban san yadda zan gode miki ba."

"Kira ta ka ce ka fasa."

Tevita ya juya wajen Barrie, wanda ke tsaye gefe shi kaɗai. "Baba, na gode da ka zo da ƙafarka. Har yanzu ban iya tsayuwa inda zan ga hannun ɗan wasa ba. Za ka nuna mini?"

Barrie ya goge idonsa da bayan hannu. "Alhamis, ƙarfe biyar. Sabuwar fassarar za mu bi."