Azurfar da Ta Kwana da Kaji

Farfesa bai taɓa yin kuskure ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma babu wanda ya taɓa musa masa, domin duk lokacin da yake faɗa bindiga na kan cinyarsa. Karatunsa a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma ya yi imani cewa duk wani ilimi da ke duniya, ko dai ya riga ya san shi, ko kuma ba shi da amfani.

Ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe, wannan tarin ilimi ya tsaya a tsakiyar titin da ya fito daga unguwar masana'antu, sanye da rigar masu gyaran hanya, yana kaɗa jan ƙyalle.

Motar kamfani ta rage gudu. Guntu, yaron Farfesa, ya faɗo daga bayan ganga — harbi ɗaya a sama! Direban kamfani ya ɗaga hannu tun ba a nema ba. Mai gadin da ke gefensa ya tuna yana da iyali, ya kwanta a ƙasa da kansa.

"Buɗe baya! Mai Safa, wanne ne?" in ji Farfesa.

Mai Safa ya haye cikin motar, fuska a rufe, hannuwa cikin farar safar auduga. Ya wuce manyan kwalaye bai ko dube su ba, ya nuna ƙanana guda shida da ke can ƙurya.

"Waɗannan. A hankali, kar a jefa."

Aka jefa. Minti huɗu, an gama. Direbansu ya taka mota, ƙura ta tashi — fit, sun ɓace.

Abin da ke cikin kwalayen 'yan faifan azurfa ne, kowanne faɗin yatsu biyu, waɗanda ake sa wa makunnan wutar manyan injuna. Shekara goma sha ɗaya Mai Safa ya yi yana naɗe su a wannan kamfani. Yayarsa ce ta tsaya masa aka ɗauke shi, ita ce kuma ta koya masa aikin: ba a taɓa azurfa da tsirarin hannu, gumi na cinta. Ana naɗe ta a wata takarda ta musamman mai shanye farar wutar da ke yawo a iska, a sa ta a leda mai kauri tare da ɗan ƙullin da ke tsotse laima, a liƙe bakin. Ba ta shiri da roba, ba ta shiri da kwali mai arha, ba ta shiri da hayaƙin mota, balle warin ruɓaɓɓen ƙwai. A taƙaice dai, azurfa ta fi amaryar attajiri iyayi.

Sai aka kawo sabon manaja, mutum mai son tsimi. Ya sayo kwali mai arha da robar ɗauri. Mai Safa ya ce kayan za su yi baƙi. Suka yi baƙi. Aka koma tsohon naɗi, aka kuma kori Mai Safa, tunda dole a kori wani, kuma shi ne ya fi kowa sanin abin da ya faru. Wata biyu yana zaune a gida yana tafasa, har Allah ya haɗa shi da Farfesa. A ransa ya ce ai ko ɓarayi za su fi manaja jin magana. Nan ne iyakar saninsa game da ɓarayi.

Maɓoyarsu gonar kaji ce ta Farfesa, a bayan gari. Kaji dubu biyu, da ɗakin ajiya da ya jingina da kejinsu, inda ake tara buhunan kashin kaji da fasassun ƙwai. Mai Safa na sauka daga mota ya shaƙi iskar wurin, ya san azurfar ta shiga uku.

Farfesa ya zaro wuƙa ya farke leda ta farko. Ya damƙo azurfar da hannu, ya ɗaga ta ga rana, ya sumbace ta. Guntu da Direba ma suka zuba hannu, suna ta shafawa suna dariya. Daga nan Farfesa ya ba da umarni: ledojin nan duk da lambar kamfani a jiki, a ƙone su. Kayan kuma a ɗura su cikin tsofaffin tiyub na taya, a ɗaure da roba, a tura ƙarƙashin buhunan kashin kaji. Wane ɗan sanda ne zai sa hannu a nan?

"Maigida," in ji Mai Safa, "in aka yi haka, kafin kwana bakwai za ta koma baƙa ƙirin."

"Mece ce za ta koma baƙa?"

"Azurfar."

Farfesa ya dubi sauran, suka yi masa dariyar da yake jira. Ya bayyana, cikin haƙurin malami da daƙiƙin ɗalibi, cewa ƙarfe ne ke tsatsa, azurfa ba ta tsatsa. Abin da ya sa take azurfa ke nan. Mai Safa ya ce ba tsatsa ba ce, farar wuta ce, tana cikin roba, tana cikin kashin kaji, tana cikin iskar ɗakin nan. Ya ce a kankare lambar kawai a bar ledojin.

"To likitan azurfa," Farfesa ya ce, "tunda ka san ciwonta, kai za ka yi jinya. Nan za ka zauna har Dillali mai sayen kayan ya zo. Yadda na ba ka ita fara, haka nake son ganinta. In ta canza, kai ka canza ta." Ya ƙara da murmushi: "Ina gaida Yaya. Har yanzu gidan nan mai koren ƙofa take, ko?"

Mai Safa ya gane an rufe masa hanyar gudu.

A can kamfani, Sufeton 'yan sanda ya sha shayin manaja, ya saurari jawabi a kan ingancin tsaron kamfanin, sannan ya nemi a kai shi wurin wanda ya san kayan. Aka kai shi ɗakin naɗi, wurin Yaya, mace mai furfura kaɗan a goshi, shekara ashirin da uku a teburi ɗaya. Ya tambaye ta me ɓarawo zai yi da irin wannan kaya. Ta ce in yana da hankali ba zai buɗe ba. Sufeto ya ce a shekarunsa na aiki bai cika haɗuwa da masu hankali ba. Ta ce to in ya buɗe, a ba shi mako guda, zai zo kasuwa da abu kamar gawayi yana rantsuwa azurfa ce.

"Wa kuma ya san wane kwali ne na azurfar a cikin motar?"

Yaya ta gyara zaman safarta. Ta ce mutane da yawa.

Sufeto bai matsa mata ba. Ya wuce wurin Dillali, mutumin da duk ƙarfen sata na garin ke bi ta shagonsa, ya tuna masa da wasu tsofaffin maganganu da ke cikin wani fayil. Dillali mutum ne mai saurin fahimta.

A gonar kaji, Mai Safa na kallon jinyarsa tana tafiya yadda ya faɗa. Kwana biyu, azurfa ta yi ruwan ɗorawa. Kwana huɗu, ta yi ja-ja da shuɗi-shuɗi, kamar jikin da aka lakaɗa wa duka. Ya gaya wa Guntu, wanda ke kawo masa abinci kullum da rana, ya roƙe shi ya isar wa maigida. Guntu ya leƙa tiyub ɗaya, ya gani da idonsa, ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba shi zai kai wa Farfesa labarin cewa ya yi kuskure ba. Yana da sauran sha'awar rayuwa.

Abin da Guntu bai sani ba shi ne, tun ranar farko, lokacin da ake ƙona ledoji, Mai Safa ya zare guda ɗaya daga gefen wuta, da takardunta da ƙullin laimarta. Da yamma, da kowa ya watse, ya ɗebi faifai ɗari biyu, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da safarsa, ya naɗe kowanne da irin ninkin da Yaya ta koya masa, kusurwa a ciki, ya liƙe bakin ledar da zazzafar wuƙa, ya ɗora a saman silin na ɗakin da yake kwana. Da sata ya yi niyya, da an fahimce shi. Kowa a gonar ɓarawo ne. Amma shi ba sata ya yi ba. Zuciyarsa ce kawai ta kasa jure ganin ana wulaƙanta kaya. Irin wannan cuta ba ta da magani, kuma ba kasafai mai ita ke tsufa ba.

Rana ta takwas, da hantsi, Farfesa ya iso da Dillali, Guntu da Direba na biye. Aka jawo tiyub, aka farke a kan tabarma. Abin da ya zubo ya yi ƙara irin ta azurfa, amma baƙi ne wuluk, ga wari.

Kaji na can suna ta nasu.

Dillali ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. Shekara talatin yana harkar ƙarfe. Ya san abin da ke hannunsa sarai, ya san ɗan gogawa kaɗan zai fito da farin. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Sai ya ajiye, ya goge yatsunsa a riga, ya ce shi dai ba wannan aka yi masa alkawari ba, bari ya ɗan fita ya yi waya.

Farfesa ya juyo a hankali.

"Ina kayana?"

"Ga su nan, maigida. Su ne. Sama-sama ne kawai baƙin. A ba ni ruwan zafi da—"

"Azurfa fara ce. Jariri ma ya sani."

"Na faɗa maka tun ranar farko."

"Ka faɗa," in ji Farfesa. "Na yi ta tunani, yaya aka yi ka san za ta yi baƙi tun ba ta yi ba? Ashe shiri ne."

Wuƙa na nan a kan tabarma. Da Mai Safa ya ɗauka ya kankare faifai ɗaya, da wataƙila ya ga la'asar. Amma shekara goma sha ɗaya an hana shi ko ƙwarzanar azurfa, hannunsa bai ma san hanyar ba. Ban da haka, ba rai yake son ya tsira da shi ba a wannan lokacin. So yake a ce yana da gaskiya, ko sau ɗaya, a gaban wani mai iko. Ya ce a ba shi minti ɗaya. Ya shiga ɗaki, ya taka kujera, ya sauko da ledar. Ya buɗe ta a gabansu, ya warware takarda ɗaya.

Azurfa ta haska kamar yau aka ƙera ta.

"Ka gani?" ya ce, har da ɗan murmushi. "Kaya ɗaya, rana ɗaya. Wannan an naɗe ta yadda ya kamata. Waccan an ba kaji ajiya."

Farfesa ya daɗe yana kallon farin faifan. Sannan ya gyaɗa kai, irin na mutumin da bincikensa ya tabbata.

"To ga ta gaskiyar. Ina sauran?"

"Maigida, ba haka—"

"Guntu. Kai ke zuwa kullum. Me ka gani?"

Guntu ya dubi bindigar, ya dubi Mai Safa, ya zaɓa. Ya ce gaskiya shi dama ya lura, ranar Alhamis ya ga sawun wata mota a bakin gona, kuma mutumin nan kullum hannunsa a safa, kamar mai ɓoye wani abu.

Harbi biyu — kaji dubu biyu suka ɗauki kururuwa gaba ɗaya! Mai Safa ya zauna a ƙasa, ya jingina da buhu. Ledar na hannunsa. Abu na ƙarshe da ya yi shi ne ya ninke bakinta, kada iska ta shiga.

Wayar da Dillali ya fita yi ba ta da tsawo. Motoci uku suka fasa shinge — "Kowa ya kwanta!" Direba ya haura katanga, ya faɗa hannun waɗanda ke jira a baya. Guntu ya kwanta tun kafin a gama faɗa. Farfesa ya ruga cikin keji, santsin kashin kaji ya kwashe shi, aka fito da shi da gashin kaza a gemu.

Sufeto ya tsuguna a gaban tabarma, ya ɗaga faifai ɗaya ga haske, ya yi dariya a karo na farko a wannan makon. Duk inda gumin hannu ya taɓa, baƙin ya fi kama wurin, zanen yatsa ya fito ɓaro-ɓaro kamar an dangwala a takarda. Na Farfesa, na Guntu, na Direba, ɗaruruwa. Har da shatin leɓe guda. Mutum ɗaya ne kawai bai bar sawu ko ɗaya ba, shi kuma ba a buƙatar shaida a kansa.

A ofishin 'yan sanda Farfesa ya ba da bayani a rubuce, wato ya faɗa an rubuta. Ya ce shirinsa ba shi da aibu ko kaɗan, yaronsa ne ya ci amanarsa ya musanya kaya. Har gobe a gidan yari haka yake faɗa, kuma yana samun masu saurare.

Bayan shari'a aka mayar wa kamfani kayansa. Masu saye suka ce ba za su karɓi baƙar azurfa ba, sai an wanke, an gwada, an sake naɗewa. Leda ɗaya ce kawai ta tsallake gwaji ba gyara. Manaja ya ɗaga ta a taron ma'aikata, ya ce wannan shaida ce cewa naɗin kamfaninsu ko a hannun 'yan fashi ba ya ba da kunya. Aka tafa. Yaya na layin baya. Tun daga nesa ta gane ninkin, kusurwa a ciki. Ba ta tafa ba, ba kuma wanda ya lura.

Ita aka ba wankin, tunda babu wanda ya kai ta iyawa. Kwana goma sha tara tana zaune a teburinta, tana cire yatsun mutanen da suka kashe ƙanenta daga jikin azurfa, ɗaya bayan ɗaya, tana naɗewa, tana liƙewa. Ranar da ta liƙe leda ta ƙarshe, masinja ya kawo mata takardar sallama: kamfani ya tuna cewa ita ce ta tsaya wa marigayin aka ɗauke shi aiki.

Ta karanta sau ɗaya. Ta duba ko ƙullin laima ya shiga kwalin ƙarshe, ya shiga. Ta zare farar safarta, ta ninke, ta ajiye a gefen teburi inda mai zuwa zai gani, ta ja ƙofar a hankali saboda ƙura.