Ranar da Kwalli ta kasa amsawa

Yaya Kubura, 'yar wan babanmu, ita ta ba mu labarin nan bayan sallar isha'i, ni da ƙanwata Ladidi. Na rubuta shi yadda na ji, saboda 'ya'yana. Allah ne masanin gaibu.

Kakarmu Iya tana da mage, Kwalli. Tun da idon Iya ya mutu, magen ce ke tsare mata ɗaki daga ɓera da kunama, a ƙafarta take kwana. Sai ta yi kwana biyu ba ci ba sha, yawu na dalala, ko kuka ba ta yi. Iya ma ta ture tuwonta. Ta ce, "Kubura, kai ta asibitin dabbobi. In ta mutu, ni ma ku shirya."

Yaya ta sa ta a kwando, ta rufe da farin zane. Rana tsaka. Don ta yanke hanya, ta bi ta bayan tsohuwar marina.

"Nan na gan ta," in ji Yaya, ta rage murya. "Wata mata, zaune bakin ramin rini. Na yi sallama. Ba ta amsa ba. Cewa ta yi, 'Sannu da ɗaukar mage.'"

Ladidi ta ce, "Ba a rufe kwandon yake ba?"

"Ruf. Ke dai saurara."

Yaya ta lura bakin matar yana rufewa kafin maganar ta iso. Ta dubi ƙasa. Rani ne, ko'ina a bushe, amma ƙafar matar jiƙe take da ruwan baba, shuɗi, yana ɗiga. Marinar kuwa ta shekara ashirin ba a yi rini a cikinta ba.

Matar ta ce, "Kawo ta nan. Mu ma mun san magani."

"Na gode, Inna. Likita zan kai wa."

"Allura zai soka mata. Bar ta."

"Ta kakata ce."

"Na san kakarki. Magen ma na san ta."

Sai ta dafa zanen, ta kira, "Kwalli."

Tun muna yara Iya ta hana mu amsa kiran wanda ba mu sani ba, domin wanda ya amsa, ya bi. Magen nan kuwa kowa ya ambaci sunanta sai ta yi kuka. Kwandon ya motsa. Matar ta sake kira. Ta kira na uku. Shiru.

Matar ta ce, "Me kuka ɗaure mata baki da shi?"

Yaya ta kama Ayatul Kursiyyu, ta yi gaba. Ba gudu, ba waiwaye.

A asibiti, likitan, Malam Tukur, ya buɗe bakin magen, ya haska da tocila, ya zaro ƙayar kifi da hantsaki, doguwa, a gicciye cikin maƙogwaro.

"Wa ke ba ta kan kifi?"

"Iya."

"Ki ce mata a riƙa cire ƙaya. Wannan ce ta hana ta ci, ta hana ta kuka."

Ya yi mata allurar rigakafi, ya faɗi ranar da za a mayar da ita. Nan Kwalli ta buɗe baki, ta tsala kuka. Sai Yaya ta tuna kiran matar nan.

Malam Tukur ya ɗaga zanen. Shatin yatsu shuɗaye a kai, guda shida. Ya daɗe yana kallo.

"Ta marina kika biyo?"

"E."

"Bar zanen nan. Ki koma ta bakin titi."

Ladidi ta matso jikina. "To Yaya, yanzu da aka cire ƙayar, in matar ta sake kira fa?"

"Me kike zato ya sa Iya take ce mata Hajiya?"

Au! Ashe ranar aka sake mata suna. Mu duk mun ɗauka wasan kaka ne.

Daga ɗaki Iya ta ce, "Kai, wa nake jin yana faɗin tsohon sunan nan? Ku shigo min da Hajiya, ku ja ƙofa."

Magen ta tsufa, a ƙafar Iya ta mutu. Har yau in zan kai tamu magen allura, ta titi nake bi, kuma da rakiya. Ku ma kada wanda ya bi bayan marina shi kaɗai. Sunan nan kuwa a takarda na rubuta muku, kada ku karanta shi da ƙarfi.